Abin da Ya Maƙale a Cokali

A gida Auta ake ce mata, ko da yake furfura ta fara leƙowa ta gefen ɗankwalinta. A kamfanin haɗa magunguna kuwa, inda ta shekara goma sha tara tana aiki, ba wanda ya san wata Auta, sai dai Anti Mai Madubi. Ɗakinta na can ƙarshen baranda, bayan ɗakin awo. Ba komai a ciki sai tebur ɗaya, da kujera mai juyawa wadda ta daina juyawa tun ba yau ba, da madubin ƙara girma, irin wanda ake kifa ido biyu a kansa a ga ƙwayar gari ta koma kamar dutse. Duk garin da ya shigo kamfanin, kafin a yarda ya shiga inji, sai an ɗebo mata a 'yar kwalba ta duba ta sa hannu.

Yawancin abin da take dubawa manitol ne. Farin gari ne, ɗan'uwan sukari, mai zaƙi da ɗan sanyi a harshe. Shi kansa ba magani ba ne, amma shi ne gangar jikin ƙwayar da yara ke taunawa, maganin ɗan kaɗan ne ake cuɗawa a ciki. Na kirki, in ka sa shi a madubi, dunƙule-dunƙule yake kamar ƙananan ƙwallaye, ya gangara cikin inji sumul. Marar kyau kuwa allurai ne sirara, su sarƙe da juna su ƙi gangarawa, sai ƙwaya ta fito ba ƙwari, samanta ya ɓare. In haka ta faru, ma'aikata kan ce ƙwaya ta cire hula. Abin haushin, a gwajin sinadari duka biyun abu ɗaya ne sak. Ido ne kaɗai ke raba su, idon kuma na Auta ne. Ta kuwa san da haka, don a kan aikinta ba ta ɗaukar gyara daga bakin kowa.

Wani dattijo ne ya koya mata aikin, wanda kowa ke kira Tsoho, ya rasu da daɗewa. Mutum ne mai son hoto ya fito tsaf, har abin ya zame masa ciwo.

"Kada ki kuskura ki watsa mini gari kamar mai ba kaji abinci," haka yakan ce. "Ki ɗebo a bakin cokali, ki ɗaga shi bisa gilashi, ki ƙwanƙwasa da yatsa sau uku. Uku na ce, ba huɗu ba. Abin da ya faɗo shi za ki duba. Abin da ya maƙale a cokali, ki goge a tsumma."

Daga nan sai ɗigon man farafin, don ruwa narkar da garin zai yi, sai a rufe da wani siririn gilashin. Haka ta koya, haka ta yi ta yi, har yatsan ya riƙa yi da kansa ko hankalinta na wani wuri. Hotunanta kuwa ba a magana. Kowace ƙwaya a ware, ba wadda ta hau wata. Masu binciken da ke zuwa daga waje sun sha tsayawa su yaba, ita kuma ta ɗauke kai kamar ba da ita ake ba, alhali ranta fari ƙal.

Yayanta ne ya shigar da ita kamfanin. Shi ne a kan injin buga ƙwaya, Sarkin Inji ake ce masa, kuma ba zolaya ba ce. In inji ya sauya murya, ko yana ɗakin cin abinci zai ajiye cokali ya tashi. Yakan damƙi gari ya murza tsakanin yatsu, ta cikin safar hannu ma, ya ce, "Wannan zai ba mu wuya." Kuma sai ya ba su wuyar.

Shekara goma sha ɗaya da suka wuce aka buga wata ƙwayar zazzaɓin yara, kwana uku ana bugawa tana cire hula, kwali-kwali aka zubar. Aka kafa kwamiti. Magana ɗaya ce: ko gari ne ba kyau, ko mai inji ne ya ɓata saiti. Yaya ya tsaya kai da fata cewa gari ne. Ya ce yana yi masa ƙara a yatsa, yana tsayawa a mazurari sai an buga. Aka ce a kira Mai Madubi. Auta ta shigo da hotuna goma sha biyu, ta baje su a tebur, ba ta yarda ta dubi inda Yaya yake ba. Ƙwallaye tas, ba allura ko ta rantsuwa. Yaya ya ɗauka ɗaya bayan ɗaya, ya daɗe yana dubawa, sannan ya tattara su ya daidaita gefensu ya ajiye.

"In dai Auta ce ta duba, to gari lafiyarsa lau," ya ce. "Hannuna ne."

Aka ba shi takardar sallama, a ciki aka rubuta sakaci.

Tun daga ranar bai sake taɓa inji ba. Wani kamfani ya aiko masa har sau biyu, ya ce a'a, hannun da ya yi masa ƙarya sau ɗaya zai sake. Ko keken ɗinkin matarsa ne ya tsaya, sai ya ce a kira mai gyara. Ya buɗe ɗan shago a ƙofar gida yana sayar da bokiti da tsintsiya da igiyar shanya. Bai taɓa yi wa Auta ko kallon banza ba. Ita kuma takan ce a ranta, to ya za a yi, gaskiya ta faɗa, madubi bai san ɗan'uwa ba. Tana tausaya masa ƙwarai, amma irin tausayin nan ne na wanda ya yi daidai ga wanda ya yi kuskure, wanda ni a wurina gara a zage ka da shi.

A bana aka kawo sabuwar shugabar ɗakin gwaji, wadda ake kira Dakta. Yarinya ce da Auta ta kusa haifa, mai tabarau da yawan "don Allah Anti". Ta ce kowane aiki sai an rubuta yadda ake yin sa daki-daki, kada wani ya tafi da shi a ka. Ranar wata Litinin da safe ta jawo kujera ta zauna gefen Auta da littafi a cinya. Auta ta ɗebo gari daga kwalbar sabon kaya, ta ɗaga cokali. Ƙwas, ƙwas, ƙwas. Ta kai hannu ga tsumma.

"Anti, tsaya don Allah. Wannan da ya rage a cokali fa?"

"Ragowa ce. Gogewa ake yi."

"Ai daga kwalba ɗaya suka fito."

Auta ta juyo ta dube ta sama da ƙasa. "Yarinya, tun kina firamare nake wannan aikin."

Dakta ta yi dariya, ba ta ji haushi ba. "Na sani, Anti. Ki ara mini cokalin kawai, ɗan kwaɗayin gani ne ya kama ni."

Ta ɗiga mai a kan wani gilashi, ta tsoma bakin cokalin a ciki ta jujjuya har ragowar ta sauka duka, ta rufe, ta kifa ido.

"Ba wani abin tayar da hankali," ta ce. "'Yan allurai ne jefi-jefi, wannan garin mai kyau ne. Amma kin ga abin da ke faruwa? Masu dunƙulen su ke riga faɗowa, tunda gangarawa suke yi. Alluran kuwa riƙe cokali suke. Da wata rana gari zai zo da allurai da yawa, da duk a tsumma za su ƙare, ke kuma ki ga hoto tas. Daga yanzu mu riƙa tsoma cokalin gaba ɗaya."

Tana faɗa tana rubutu, ko a jikinta. Ina ta san wani Sarkin Inji? Lokacin da aka yi abin tana makaranta. Ta rufe littafinta, ta yi godiya, ta fita.

Ta bar Auta da tsumma a hannu. Da fari haushi ne ya cika ta, wai yarinyar jiya ce za ta koya mata riƙe cokali. Sai haushin ya janye, ta tuna da hotuna goma sha biyun nan da ta baje gaban kwamiti. Ta ce wa kanta, kai, ba zai yiwu ba. Ta ɗauko wata kwalbar don ta ci gaba da aiki, hannun ya ƙi.

Kamfanin na ajiye 'yar kwalba daga kowane kayan da ya shigo, bayan wasu shekaru a ƙona. Amma wadda kwamiti ya taɓa zama a kanta akan ɗaura mata jan zare a wuya a ɗora ta can saman kanta, daga nan kuma kowa ya manta da ita. Makullin ɗakin a hannun Auta yake. Da aka tashi cin abincin rana ta shiga, ta taka tsani. Ba ta nemi lambar a littafi ba, ai tana kanta kamar ranar haihuwar 'yarta. Ga kwalbar nan, ƙura ta rufe murfin, jan zaren ya koɗe. Manitol ba ya jan ruwa, don haka garin na nan yadda aka zuba shi, fari fat.

Gilashi biyu ta yi. Na farko irin nata, ƙwanƙwasa uku. Ta duba: ƙwallaye tas, hoton nan dai da ta baje gaban kwamiti. Na biyu ta tsoma cokalin gaba ɗaya. Ta daɗe tana gyara zama kafin ta yarda ta kifa ido.

Innalillahi. Allurai ne birjik, sun sarƙe kamar an kakkarya tsintsiya an watsar, ƙwallayen ma sai ka nema kafin ka gani. Ta ɗago, ta goge ido, ta goge madubin, ta sake dubawa. Ta ɗebo daga saman kwalbar, ta ɗebo daga tsakiya, ta ɗebo daga gindi. Gilashi shida ta ɓata, duk waɗanda ta tsoma wa cokali bakinsu ɗaya. Garin nan ko jariri aka ba ya murza zai ce ba shi da kyau. Yaya ya faɗa, a gabanta ya faɗa, ita kuma ta zo da hotuna goma sha biyu ta rufe masa baki.

Kuka bai zo mata ba. Kunya ce ta zo, mai nauyi, har ta ji kamar ta shige ƙarƙashin tebur. Sai haushin Tsoho, da ke kwance a kabari abinsa ya bar ta da ƙwanƙwasa uku. Sai haushin kanta, wanda ya fi duka, don Tsoho bai hana ta tambaya ba. Shekara goma sha tara tana goge cokali, ko sau ɗaya ba ta ce bari in ga me nake gogewa ba.

Ta kira Dakta ta nuna mata, ta ba ta labarin a tsaye. Dakta ta dafe baki. "Wayyo Anti. Wallahi ban sani ba." Suka ɗauki hotuna, suka nufi ofishin Manaja.

Manaja mutum ne mai laushin murya, irin waɗanda ba su taɓa ce maka a'a ba, kuma ba su taɓa yi maka abin da ka zo nema ba. Ba shi ne a kujerar ba lokacin da aka sallami Yaya. Ya sa aka kawo musu ruwa, ya dubi hotunan da kyau, ya girgiza kai, har da tsaki na tausayi.

"Abin ba daɗi, Anti. Me kike so a yi?"

"Ranka ya daɗe, a wanke shi. Ba aiki zai dawo ba, ya tsufa. Takarda kawai, ko layi biyu ne, a cire kalmar nan ta sakaci."

"Layi biyu." Ya yi murmushi. "To, layi biyun nan za su ce laifin wane ne? In ba saiti ba ne, gari ne. In gari ne, wa ya duba ya ce lafiya? Anti, in na buɗe wannan fayil, ba na Yayanki kaɗai na buɗe ba. Duk takardar da kika taɓa sa wa hannu a shekara goma sha tara sai an zaro ta. Hukuma za ta shigo, ta tsayar da aiki, mutum sama da ɗari biyu su zauna a gida sai an gama tone-tone. Ke kuma wa zai sake yarda da sa hannunki? Saura miki shekara huɗu ki ajiye aiki da mutuncinki. Kuma ki duba, ƙwayar nan ba yaron da ya sha ta, zubarwa aka yi. Ba wanda ya cutu."

"Yayana fa?"

"Allah ya ba shi haƙuri. Na ji ai yana da shagonsa."

Sai ya jawo aljihun tebur ya zaro wata takarda. Sabuwar hanyar Dakta za ta fara aiki nan take, a kira ta gyaran tsari, ba sai an faɗi dalili ba. Kwalbar nan kuwa ta wuce wa'adin ajiya da shekaru, tun tuni ya kamata a ƙona ta. Abin da ya rage kawai shi ne mai kula da ɗakin ajiya ta sa hannu.

"Ba gaggawa," ya ce, yana tura mata takardar a hankali. "Ki yi tunani."

A baranda Dakta ta riƙo hannunta. Idonta ya yi ja bayan tabarau. "Anti, kada ki sa. In kin ƙi, ba yadda zai yi. Ni zan tsaya tare da ke, zan rubuta abin da na gani da idona, ko aikina zai tafi."

Ka ji fa. Yarinyar da ba ta taɓa ganin Yaya ba.

Kwana uku takardar na kan teburin Auta, a ƙarƙashin akwatin gilasai. Da safe ta zo da niyyar yaga ta, kafin a tashi niyyar ta yi laushi. Ta riƙa hango yadda za a yi: ta shigo ɗakin cin abinci a yi tsit, yaran da ta koya wa aiki su sunkuyar da kai, a riƙa cewa ashe duk cika bakin nan a tsumma yake ƙarewa. Ta tuna 'yarta da ke shekarar ƙarshe a karatun haɗa magunguna, wadda ke gaya wa ƙawayenta cewa uwarta ce idon kamfani guda. Ta tuna mutum ɗari biyun nan ma, ta riƙe su gam, don su ne hujjar da ba ta jin kunyar faɗa. A ƙarshe ta samo wadda ta fi kwantar mata da rai: ai ba takarda Yaya ke buƙata ba, sani yake buƙata. In ta je ta gaya masa da bakinta, ta durƙusa ta nemi gafara, shi ke nan an wanke shi inda ya fi muhimmanci. Kai, ɗan Adam ya iya lallashin kansa!

Ranar Alhamis ta sa hannu, da rubutunta mai kyau, har da kwanan wata. Tana tsaye aka jefa kwalbar a jan bokitin da ake kaiwa wurin ƙonawa. Hotunan kuma Manaja ya ce a goge su daga kwamfuta, tunda ba su da lambar aiki, ta goge. Dakta kuwa ta ja jiki. Gaisuwa dai ta ci gaba da yi mata, amma "don Allah Anti" ta ƙare.

Ranar Asabar da hantsi ta shiga mota ta tafi unguwar su Yaya. Ta same shi a bakin shago a kan benci, yana warware igiyar shanya da ta cukurkuɗe. Bokitai a jere, manya a ƙasa ƙanana a sama, tsintsiyoyi a ɗaure bibbiyu. Ko a nan ma komai nasa a saiti yake.

"A'a! Yau manya sun tuna da talakawa?" ya ce. "Auta, ke ce da rana tsaka? Ko madubin ne ya fashe?"

Ta durƙusa ta gaishe shi. Ya matsa mata a benci, ya jawo fulas ya zuba mata shayi a kofin roba, ya miƙa mata da ƙaramin cokali a ciki. Ya tambayi yara ɗaya bayan ɗaya. Ta amsa a taƙaice, har ya lura.

"Lafiya dai? Fuskarki ba ta yi mini ba."

"Yaya, magana na zo da ita. Maganar garin nan ce. Na shekarun baya."

Hannunsa ya tsaya a kan igiyar. "Wane tone-tone ne kuma wannan? Abin da ya wuce ai ya wuce."

"Ba hannunka ba ne, Yaya. Garin ne. Kai ne da gaskiya."

Ta ba shi labarin tun daga zaman Dakta har gilashi na shida. Ba ta ɓoye laifinta a nan ba, ta faɗe shi ƙarara. Ya saurara bai katse ta ba. Da ta gama sai ya ce, "Nuna mini."

"Me?"

"Yadda kike yi. Ga cokali nan."

Ta ciro cokalin daga shayi, ta ɗaga, ta ƙwanƙwasa da yatsa. Ƙwas, ƙwas, ƙwas.

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan, Yaya."

Ya buɗe tafin hannunsa na dama ya zuba masa ido, ya murza babban yatsa da manuni a hankali, kamar garin na nan a tsakani. Sai ga dariya ta kuɓuce masa, wata irin dariya da Auta ta manta yana da ita. Ya miƙe tsaye, igiyar ta faɗi ƙasa.

"Na faɗa! Wallahi na faɗa musu! Na ce yana ƙara, na ce yana tsayawa a mazurari! Wani mai ƙaton ciki a kwamitin har yana ce mini, malam, yatsa ba na'ura ba ne. To ga shi!" Ya buga cinya. "Ashe hannun nan bai yi mini ƙarya ba. Allah na gode maka. Shekara goma sha ɗaya ina kwana ina tashi ina juya saitin nan a kaina, ina neman inda na kauce."

Auta ta zame daga benci ta durƙusa. "Ka yafe mini, Yaya."

"Ke tashi, kada ki tara mini jama'a. Me kika yi? Yadda aka koya miki kika yi. Tsohon nan ai kowa ya san shi da taurin kai, Allah ya ji ƙansa. Kuskure ne, wa ya fi ƙarfinsa? Ni ban riƙe ki da komai ba, ko a da, balle yanzu da kika zo da ƙafarki. Tashi, tashi."

Ya kamo hannunta ya zaunar da ita. Fuskarsa ta washe, kamar an rage masa shekara goma. Da a nan maganar ta tsaya, da Auta ta koma gida da sauƙin rai.

"To yaushe za su ba ni takardar?" ya ce, yana tsince igiyar. "Ba aikinsu nake so ba, su riƙe abinsu. Yaran nan kawai nake so su gani. Kin san babban ya taɓa buɗe akwatina ya ga ta sallamar? Bai ce mini komai ba, amma na san ya karanta. Tun daga nan in na gyara masa abu sai ya ce to Baba, ya je ya yi yadda ya ga dama. So nake in ajiye sabuwar a kan tsohuwar, in kira su duka, har da uwarsu."

"Yaya… ba za su ba da takarda ba."

"Kamar yaya?"

"Manaja ya ce in aka buɗe maganar, hukuma za ta shigo, a tsayar da aiki. Mutum ɗari biyu."

Ya yi tsaki. "Haka suke, ai na san hali. To ba komai. Kwalbar tana nan, ko? Mai jan zare. A kai ta wani wurin a duba, jami'a ko ina ne. Gari ai ba ya sauya magana."

"An ƙona ta."

"Suka ƙona? Yaushe?"

"Shekaranjiya."

"Amma mutanen nan ba su da tsoron Allah! Wato da suka ga gaskiya ta fito sai suka—" Ya tsaya. Ya dube ta. Mutum ne da ya shekara ashirin a kamfanin, ya san kowace takarda da inda take bi. "Tsaya. Ai ba a ƙona kwalbar ajiya sai mai riƙe da makulli ya sa hannu. Haka yake a zamaninmu. Wa ke riƙe da makullin yanzu?"

Auta ta dubi kofin shayin da ke hannunta.

Wata mota ta wuce da ƙara, ƙura ta tashi ta kwanta. Yaya ya koma ya zauna, amma can ƙarshen bencin. Dariyar nan ta tafi kamar ba a taɓa yin ta ba, fuskar ta koma yadda ta same ta, har ta fi.

"Tilasta miki aka yi?"

Ta so ta ce e. Kalma ɗaya ce, kuma zai yarda, kamar yadda ya yarda da hotuna goma sha biyu. Amma bakin ya ƙi.

"A'a. An ce in yi tunani."

"Kika yi."

"Na yi."

"Ran yaushe kika gano garin?"

"Litinin."

"Kika sa hannu Alhamis." Ya lanƙwasa yatsu uku, ɗaya bayan ɗaya, ya dube su. "Ina nan a bakin shagon nan duk kwana ukun, Auta. Mota ɗaya ce daga kamfani zuwa nan. Da kin zo kin ce, Yaya, ga abin da ake ciki, in na ƙi sa hannu sunana zai ɓaci, wallahi da ni zan ce miki je ki sa. Kin san zan faɗa."

Ta san zai faɗa. Hawayen da suka ƙi zuwa tun Litinin sai yanzu suka zo, lokacin da ba su da wani amfani.

"Na farkon ba ki sani ba," ya ce a hankali. "Shi na yafe, kuma ban janye ba."

Ta jira ya ƙarasa, bai ƙarasa ba. Ya sunkuya ya ci gaba da warware igiyarsa, yana bin ƙullin da farce.

"Ko in shiga in gaya wa matarka da yaran da bakina?" ta ce. "In faɗa musu komai."

"Ki ce musu me? Su ce ƙanwarsa ce, tausayinsa ta ji." Bai ɗago ba. "Bar su kawai. Ajiye kofin nan, ki je kada ki rasa mota."